Mai mashin ɗin da ya tsaya mana a hanyar Azare: ganganci muka yi da muka yarda da shi?

"Salam Baba. Dan Allah ina da tambaya tunda na ji an ce kun daɗe a harkar tuƙi. Satin da ya wuce muna hanyar Azare daga Kano ni da maigidana da yaranmu uku, bayan magariba tayar baya ta fashe tsakanin Kiyawa da Jama'are, da aka ciro safaya ashe ita ma ba iska. Motoci suna ta wucewa ba wanda ya tsaya. Can sai ga wani bawan Allah a kan mashin, ya ce a ba shi safayar ya kai wa mai faci a garinsu. Maigida ya ba shi ya ɗaure a baya ya tafi, sai da ya yi kusan awa ɗaya sannan ya dawo da ita har da ruwan leda da biredi na yara, ya kama aka ɗaura, aka ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ko na facin bai karɓa ba, mu kuma saboda ruɗewa ko sunansa ba mu tambaya ba. Yanzu yayan mijina yana ta faɗa wai ganganci muka yi, wai da infoman masu garkuwa ne fa? Abin ya tsaya min a rai. Shin kuskure muka yi? Ya ake gane mai taimako na gaske? Kuma ta yaya za mu rama masa?"

Wa alaikumus salam 'yata, sannunku da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Tambayarki uku ce a dunƙule, kuna so ku san ko kun yi wauta da kuka ba baƙo taya da daddare, kuna so ku san yadda ake bambance mai alheri da mugu a bakin titi, sannan kina jin nauyin mutumin nan a zuciyarki. Zan ɗauke su yadda suka zo min, ki yi haƙuri in na yi tsawo, tsohon direba in ya samu mai sauraro ba ya gajiya.

Ni na fara ne a yaron mota, na tuƙa 504 wagon Kano zuwa Jos, na tuƙa J5 zuwa Maiduguri shekaru da dama, da gwiwa ta fara ciwo na dawo gareji. To hanyar da kuka tsaya na san ta tun tana falan ɗaya kafin a raba ta biyu.

Abin da kuka yi daidai, da inda kuskuren yake

Ki gaya wa yayan mijinki cewa tsoronsa ba laifi ba ne, wanda ya san abin da aka sha a hanyar Kaduna zuwa Abuja da hanyar Birnin Gwari ba za a ce masa matsoraci ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Amma mu auna abin da idon basira. A lokacin da mai mashin ɗin ya iso kun riga kun tsaya a daji da daddare da taya biyu ba iska, wato haɗarin ya riga ya same ku tun kafin zuwansa. Da ba ku ba shi safayar ba da me za ku yi? Kwana za ku yi a wurin? Infoma ai ba ya buƙatar ɗaukar tayarku kafin ya kira mutanensa, wucewa kawai zai yi ya ƙyalla ido ya buga waya, ku ba ma za ku san ya gan ku ba.

Zaɓi uku ne a gabanku a daren nan. Na ɗaya wanda kuka yi, ku ba shi taya ku zauna gaba ɗayanku, in ma ɓarawo ne iyakacin asararku safaya da rim. Na biyu maigida ya hau bayansa su tafi tare, ya bar ki ke da yara uku a duhu, wannan shi ne mutane da yawa suke yi saboda suna tsoron kar a gudu musu da taya, kuma wallahi shi ne mafi muni, an raba ku biyu kenan, kin ga an fifita taya a kan iyali. Na uku shi ne a tada mota a ja ta a hankali a kan rim ɗin har gari na gaba. Wannan zai cinye tayar ya lanƙwasa rim, wani lokacin har ya taɓa ƙafar motar, amma in wuri ne da aka san shi da rashin tsaro ni shi nake ba kowa shawara, kar ka tsaya ko minti biyar, ka sa giya ɗaya ko biyu ka lallaɓa har inda akwai haske da mutane, rim ana sayen wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Inda kuka tsaya kuwa tunda akwai ƙauyuka kusa kuma motoci na wucewa, na ɗayan da kuka ɗauka ni ma shi zan ɗauka.

Kuskuren yana can baya tun a gida. Safaya ba iska, wannan laifin maigida ne kai tsaye ki gaya masa ni na faɗa. Taya ko tana ajiye a but iskarta raguwa take a hankali, shi ya sa duk wata in ka je wajen mai faci sai ka ce ya gwada har da ita. Sannan fitowa a makare, Kano zuwa Azare tafiyar awa uku ce ko ƙasa da haka, wanda magariba ta riske shi a wajen Kiyawa to bayan la'asar ya taso, da iyali ba a haka. Kuma ku duba shekarun tayoyin, a jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. 'Yan rod sefti shekara huɗu suke cewa taya take yi daga ranar da aka ƙera ta. Da yawa daga cikin tayoyin hannu da muke saye sun wuce haka tun kafin su shigo ƙasar, zanen yana nan kamar sabo amma robar ta bushe, kwalta ta yi zafi kawai sai ki ji fam.

Wani abu kuma da ba ki faɗa ba amma ina zargi, yaran a cikin mota suka zauna ko? In haka ne nan gaba a fito da su ta ƙofar da ke ɓangaren daji a matsa nesa da titi sosai. Na ga motar da ta lalace a gefen hanya tirela ta zo ta kwashe ta daga baya ba sau ɗaya ba. A kunna sigina biyu, a kai si-koshin, wato alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, can nesa a baya ba a gindin mota ba, in babu a karyo ganye a jera yadda direbobi ke yi, amma in an gama a kwashe shi dan Allah.

Me ya sa motoci suka wuce shi kuma ya tsaya

Kar ki riƙe waɗanda suka wuce a zuciya. Ba duka ne marasa imani ba. Direban da ke gudun 120 da daddare kafin ya gane mutane ne da yara ya riga ya wuce ku, kuma kowa a ransa cewa yake na baya zai tsaya. Ɗana da ya yi karatun halayyar ɗan Adam ya taɓa gaya min cewa tun 1968 wasu masana biyu a Amurka suka gwada suka ga in mutane sun yi yawa a wuri kowa sai ya jingina wa ɗan uwansa, in mutum shi kaɗai ne ya fi saurin kai ɗauki. Na ce masa wannan ai mu mun sani ba tare da mun shiga aji ba. Mai mashin ɗinku ɗan yankin ne, a hankali yake tafiya, ya ga fuskokinku, ya san inda mai faci yake kwana, kuma ya san in shi bai tsaya ba to babu wani na baya.

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, shi ne tsoron taimako ya zame wa mutum jidali. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni. Na tarar da haɗarin mashin da sassafe, na ɗauki yaron jini na zuba na kai shi wani asibiti, aka ce sai da takardar 'yan sanda, na je ofishin aka zaunar da ni a benci ana tambayata ko ni na buge shi, fasinjojina suna tasha suna jira, sai bayan azahar aka sallame ni da ɗan uwan yaron ya zo ya yi bayani. Yaron ya rayu alhamdulillahi, amma na yi wata da watanni in na ga haɗari sai gabana ya faɗi kafin ƙafata ta taka birki. Irin wannan ne ya kashe wa mutane gwiwa. Alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, sannan a 2017 aka sa hannu a wata dokar da ta ce ko harbin bindiga ne a fara yi wa mutum magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, har ta ce a mutunta wanda ya kawo shi kar a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. Doka tana nan a rubuce, sai dai mutane da yawa ba su san da ita ba, wani lokacin har waɗanda ke bakin aikin.

Duk da haka ban taɓa yarda da masu cewa alheri ya ƙare a titi ba. Wata damina a hanyar Jos bayan na fita dajin Falgore ina dosar Saminaka fanbel ɗina ya tsinke, ruwa kamar da bakin ƙwarya, mota cike da mata 'yan biki. Wani manomi ne ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa, ba addininmu ɗaya ba, Hausarsa ma da ƙyar, ya dubi injin ya dube ni, ya koma ya ɗauko kekensa ya karɓi tsinkakken fanbel ɗin don gwaji ya tafi cikin ruwan nan. Ya dawo da wani na hannu da ya samo wajen bakaniken gari, matarsa kuma ta aiko da gasasshiyar masara a kwando. Kuɗin fanbel kaɗai ya karɓa, shi ma sai da na rantse. Da muka ga ya fito da fartanya wata daga cikin matan har salati ta saka ta ce shikenan 'yan fashi sun zo.

Yadda nake auna baƙo a bakin titi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni a titi da daddare ban yarda da wannan ba. Na ga mugu da farar riga da carbi, na ga mutumin kirki da jajayen idanu yana warin taba. Ni abin da nake kallo shi ne me yake nema a wajena, kuma bayan na ba shi ragamar tana hannuna ko ta koma hannunsa.

Mai taimako na gaske idonsa a kan matsalar yake. Zai ce me ya samu motar, ya durƙusa ya haska taya, ya tambaya akwai jak akwai sifana. Wanda ya iso yana leƙa cikin mota, yana tambayar daga ina kuke, Alhaji wane aiki yake yi, ku nawa ne, akwai masu zuwa ɗaukarku, wannan sai a yi hattara, kuma in ya tambaya ko akwai masu zuwa amsar kullum eh ce, suna hanya. Na gaske ba ya damuwa in ka ce bari in ɗauki hoton lambar mashin ɗinka in tura gida, dariya ma zai yi. In zai kira wani a waya a gabanka zai kira kana ji yana cewa wane ka fito da famfo ga wasu baƙi sun samu faci, ba ya matsawa can gefe yana ƙus-ƙus. In zai ba da shawarar a matsa, wajen haske da jama'a zai nuna, gidan mai, bakin masallaci, wajen mai shayi, shingen jami'an tsaro. Duk wanda ya ce a sauka daga kwalta a bi wata 'yar hanya akwai gareji a ciki, a ce masa an gode. Kuma makulli ba ya barin aljihun mai mota ko da wa ake magana.

Akwai wasu kuma ba masu garkuwa ba ne, 'yan damfara ne kawai, sun fi yawa a bakin manyan garuruwa. Kana tafiya lafiya lau sai wani ya yi ta nuna maka ƙasan motarka wai tana hayaƙi ko taya na rawa, kana tsayawa sai ga bakanike ya ɓullo kamar an aiko shi, ya buɗe bonet ya zare wata waya a ɓoye mota ta ƙi tashi, daga nan sai ciniki. Alamar su ita ce gaggawa, ba sa barin ka yi tunani, kuma su ne suke gaya maka kana da matsala ba kai ka gani ba. In an nuna miki haka a ci gaba har gidan mai sannan a duba.

Ki gwada mutuminku a wannan ma'aunin. Abu mafi araha ya nema, ya bar ku tare, ya bar makulli a hannunku, ya tafi ya dawo. Biredin nan ma shaida ne, ya lura da yara.

Sai dai in gaya miki gaskiya waɗannan alamu ne na gogewa, ba garanti ba ne, ni direba ne ba jami'in tsaro ba, kuma mugu ma yana iya koyon ladabi. Shi ya sa ko da wanda ya tsaya ya kwanta miki a rai, a fara da waya, a kira gida a faɗi daidai inda ake, a tura lokeshin ta WhatsApp in akwai sabis, a kira 122 ta rod sefti ko 112 ta gaggawa. Wani lokacin a samu wani lokacin a yi ta ƙara ba a ɗauka ba, amma kira ba ya cin komai. Ni kaina akwai daren da na ga mota bonet a buɗe mace tana ɗaga hannu a wani wuri da ba na so, na rage gudu na ga kamar motsi a cikin ciyawa, na taka mai na wuce, sai a shinge na gaba na tsaya na faɗa wa jami'ai. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, amma rayuka tara ne a bayana a ranar kuma amana ce. Wanda bai iya tsayawa ba ya kai rahoto gaba, wannan ma taimako ne.

In haɗari ne da rauni kuma, tunda maganar ta kawo mu, ɗan abin da aka koya mana a bitar agajin gaggawa shi ne kar a fizgo mutum daga mota da ƙarfi sai in wuta ake tsoro, saboda wuya da gadon baya, kar a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta a riƙe kar a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Mutanenmu da kyakkyawar niyya suke ƙarasa wani a wajen ciro shi. Abin da ya wuce wannan na likitoci ne.

Maganar rama masa

Na fahimci abin da ke damunki, mu a wajenmu yaba kyauta tukwici, an yi maka abu ka kasa ko tambayar suna sai ka ji kamar ka ci bashi. Kuma ba ƙaramin abu ya yi ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 zuwa gari da dawowa a mashin kuɗi ne na gaske a wajen mutumin ƙauye, ga na faci ga na biredi. Amma ki lura, ƙin karɓar da ya yi da niyya ya yi, lada yake nema. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito an lissafa taimaka wa mutum a kan abin hawansa, ka ɗora shi ko ka ɗaga masa kayansa, a cikin sadaka, kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aka ambata a ayar zakka. Mutumin ƙauye ko bai yi zurfin karatu ba ya tashi da sanin cewa baƙon hanya yana da haƙƙi.

Wani lokacin kuma yadda ake miƙa kuɗin ne yake sa a ƙi. In ka ce malam nawa ne kuɗinka ka mai da shi ɗan ƙwadago, dole ya ja baya. Mu yadda muke yi sai a dunƙule a hannu a ce ga wannan a zuba mai a mashin, ko a saya wa yara alewa, in ya ƙi a sake sau ɗaya, in ya sake ƙi a bar shi da Allahnsa kar a ɓata masa abin da ya ƙulla. An ruwaito cewa wanda aka yi wa alheri ya rama, in bai samu abin ramawa ba ya yi ta yi wa mai shi addu'a har sai ya ga kamar ya biya. Wannan kam kina da ikonsa tun daga yau, ki sa yaran ma su riƙa yi.

In kuma kuna so ku gan shi ido da ido abin bai kai wahalar da kike zato ba. Sunansa ba ku sani ba amma mai facin ya san shi. Garin da za a je a mashin a yi faci a dawo cikin awa ɗaya ba zai yi nisa da inda kuka tsaya ba, kuma masu faci a ƙauyen bakin hanya ba sa wuce ɗaya ko biyu. In kun tashi komawa ku biyo da rana, maigida ya tsaya ya yi sallama ya ce ranar kaza bayan magariba wani ya kawo safayar mota a mashin, ba a kawo irin wannan aikin kullum, zai tuna, in ma bai tuna ba mai shayin kusa da shi zai tuna. Kar ku je da kuɗi a ambulan. Ku je da tsaraba irin ta zumunci, yadin shadda, turare, sabulu da atamfa ta uwargidansa, ku gaisa ku karɓi lamba. Tsaraba ba a mayar da ita. In za ku iya ku tafi da yayan mijin naki ya gan shi da idonsa.

Kafin nan dai ki gaida maigidan, ki ce Baba ya ce gobe da safe ya kai motar a gwada iskar tayoyin duka biyar, ya sayi tocila mai kyau da ƙaramin famfon da ake jonawa a jikin mota ya jefa a but, sannan tayar da ta fashe kar ya yarda a ce za a yi mata faci a gefe, sabuwa zai saya.